Silika ko sitacin masara: wanne ya fi hana yaji curewa da damina?

Wata 'yar'uwa daga wajen Ringim ta yi tambaya. Tana daka yajin ƙuli da garin kunun gyaɗa tana kaiwa kasuwar Gujungu, amma da zarar damina ta kankama sai garin ya cure a leda, ya ƙi bin mazurari. Wasu sun ce ta sa sitacin masara, wasu sun ce ta nemi hodar silika irin wadda kamfanoni ke sawa.

Hajiya, abu biyu ne ke cure miki gari. Gishiri da dunƙulen da ke cikin yaji suna jan laima, domin gishiri yakan fara jiƙewa da kansa idan ɗanshin iska ya kai kashi 75 cikin 100, kuma a watan Agusta ana kaiwa nan cikin sauƙi. Sai kuma man da ya rage a jikin ƙuli, shi ke manne ƙwayoyin garin da juna.

Sitaci shan laimar yake yi kafin gishiri ya sha. Sitacin ne ake haɗawa da niƙaƙƙen sukarin kek, wajen kashi 3 cikin 100, wato giram 30 a kilo. Yana da araha, kuma abinci ne da kowa ya sani. Sai dai shi kansa gari ne mai laushi da ke son mannewa, don haka yana rage curewa amma ba ya sa gari ya zuba sumul. In kika cika shi, kaifin yajin ya tafi.

Silika, wadda za ki gani a jikin kwali da lamba E551, aikinta daban ne. Ƙwayoyinta sun fi na sitaci ƙanƙanta nesa ba kusa ba, sai su lulluɓe kowace ƙwayar gari su shiga tsakaninta da 'yar'uwarta, kamar yadda ake barbaɗa fulawa a faranti kafin a murza kwaɓin cincin. Tana shan laima, tana shan ɗan mai, ba ta da ɗanɗano. Kaɗan ake sawa: hukumar abinci ta Amurka ta ƙayyade kada ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin abinci. Ki fara da giram 5 zuwa 10 a kilo.

Inda na fi so ki lura shi ne awo, don nan kuɗinki yake. Gari mai mannewa yana riƙe iska a cikinsa, gwangwani ya cika da wuri alhali akwai ramuka a ciki. Idan silika ta sake shi, ƙwayoyin sukan zame su cike ramukan, gwangwani ɗaya ya ɗauki kaya fiye da na da. In da gwangwani ko cokali kike sayarwa a tsohon farashi, kyauta kike ƙara wa mai saye ba ki sani ba. Sitaci bai cika sauya nauyin awo haka ba, yawa kawai yake ƙarawa. Idan kuma silikar ta yi yawa abin juyawa yake, saboda ita ba ta da nauyi: garin ya koma yana tashi kamar ƙura, zubarsa ma ta ragu.

Kina iya gwadawa a gida. Ki cika gwangwani ba dannawa, ki shafe bakinsa, ki yi ta bubbuga shi a ƙasa har garin ya daina sauka. In ya sauka fiye da kashi ɗaya cikin biyar na gwangwanin, har yanzu yana mannewa.

A ganina garin kunu sitaci ya ishe shi, tunda dama kauri ake so. Yaji kuwa silika ta fi, amma sai kina da ƙaramin sikeli, kin kuma tabbatar ta abinci ce mai rajistar NAFDAC. Don Allah kada ki fasa 'yar ƙunshin silikar nan da ake samu a kwalin takalmi ko robar magani, ba ta ci ba ce. Ki sa takunkumi lokacin haɗawa, ki fara cakuɗa ta da ɗan gari kaɗan sannan ki tankaɗe cikin sauran.

Dukansu biyu ba sa gyara garin da bai bushe ba. Ki bar ƙuli ya huce sarai kafin daka, ki liƙe bakin leda da wuta a ranar da kika tankaɗe, sannan ki koma sayarwa da giram.