Wata takwas ina taka Boss GT-1 a bukukuwan Katsina

Jita nake kaɗawa, irin kiɗan Buzaye na Agadas, kuma yawancin aikina gidajen biki ne, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa, wani lokaci har Jibiya. Hannuwana biyu suna kan tsirkiya, saboda haka duk abin da zai sauya sauti dole ƙafa ta yi shi. Shi ya sa na sayi Boss GT-1 a Kano, na'urar sauya sautin jita da ake takawa da ƙafa.

Ba ta da nauyi, cikin jakar jita nake cusa ta in hau babur. Batir huɗu ƙanana suna riƙe ta, abin da ya fi komai yi mini daɗi ke nan, domin ko an ɗauke wuta saitina yana nan kafin a tada janareta. Makunnan ƙafa uku ne: biyu na sauya sauti gaba da baya, sai na uku mai suna CTL1 da kai za ka zaɓa masa aiki. A gefen dama akwai feda.

Kan CTL1 ɗin nan na fi daɗewa. Yana da hali biyu. In ka sa shi a TOGGLE, taku ɗaya ya kunna, wani takun ya kashe. In ka sa MOMENT, sai lokacin da ƙafarka ke danne da shi yake aiki, kana ɗagawa ya saki. Da farko ban ɗauki bambancin da muhimmanci ba, sai ranar wani kamu a Sabon Layi. Na kunna amsa-kuwwa don layi ɗaya kawai, hankalina ya tafi wurin mawaƙiya, amon ya yi ta bin kiɗan yana cakuɗa shi. Dattijon da ke mana kalangu ya matso ya ce, "Ɗan nan, jitarka na taka mini ƙafa." Na ce, "Gaskiya ne Baba, a yi haƙuri." Daren nan na mayar da shi MOMENT. Yanzu ƙarshen jimla kaɗai nake dannawa, sautin ya yi jela ya ɓace kafin kalangu ya amsa.

Fedar kuwa na ɗora ta kan ƙarfin sauti. Shawarata, kada a bar ƙasanta a sifili. Na ɗaga shi yadda in na mayar da diddige baya jita za ta koma ƙarƙashin muryar mawaƙiya ba tare da ta mutu ba, in na tura yatsu gaba ta fito fili. Idan aka ƙara danna gaban da ƙarfi, sai sautin da ake kira "wah-wah" ya shigo. Duk abin da ka gyara ka adana shi nan take, in ba haka ba kana sauya sauti ya tafi.

Makunni ɗaya bai ishe ni ba, ina son wani na buga saurin amsa-kuwwa da ƙafa daidai da bugun kalangu. Akwai kafa a baya ta ƙarin makunni biyu ko feda ta biyu. Wani mai arha da na saya a kasuwa, marar suna, aiki ya riƙa yi a juye: in na saki ya kunna. Na maye shi da mai maɓallin juya hali. Mai son makunni biyu a kafar nan kuma sai ya nemi waya mai zobe biyu a kai, ta jita ba za ta ɗauki duka ba.

Da hunturu ya shigo ƙura ta cika ƙasan fedar, har na ji ba ta kaiwa ƙarshe. Na share da burushi mai laushi, na shiga saiti na sake nuna mata iyakar diddige da ta yatsu, ta dawo daidai. Tun daga nan tabarma nake shimfiɗa mata in a tsakar gida za mu yi wasa.