Gawi, garin da mata ke zana bango: sharhin tafiyar yini guda daga Kusuri

Duk wanda ke zaune a Kusuri ko Injamena ya sha jin sunan Gawi, ko da a bakin masu sayar da randuna ne. Garin ƙabilar Kotoko ne a ƙasar Chadi, kimanin kilomita 10 arewa maso gabas da Injamena, kuma an san shi da tukwane, da tsohuwar fadar sarki da aka mayar gidan tarihi, da zanen da mata ke yi a jikin bangon gidaje. A taswirar waya Gaoui za ku gani, da rubutun Faransanci. Yayana ne ya zo mana Kusuri daga Marwa, nan cikin Kamaru, da matarsa, muka ce maimakon zaman gida da zagayen kasuwa bari mu kai su su ga wani abu. Muka yi shatar mota ta yini guda a wurin wani mai kai baƙi yawon buɗe ido, kuɗin ya haɗa da direba da ɗan rakiya. Garin kam ya biya ni. Hidimar da muka saya ce rabinta ya yi kyau, rabi bai yi ba.

Mai motar ya tallata mana wurin a matsayin ƙauyen kan dutse, Yaya kuma mutumin Marwa ne, ya san ƙauyen Rumsiki da ke cikin duwatsun Mandara, don haka da wannan hoton ya shigo mota. To, a cire wannan a rai. Babu dutse a Gawi. Tudu ne na ƙasa a tsakiyar fili shimfiɗaɗɗe, irin tudun da tsofaffin garuruwan Kotoko suke zaune a kai. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya ga yadda kogunan Shari da Logon suke cika su malale bayan damina, balle wanda ya ga ambaliyar 2022 da ta shiga unguwannin Injamena da Kusuri. Mutanen da suka zaɓi wuri mai ɗan tsayi, gida ya rushe a gina wani a kansa, tsara bayan tsara, har ƙasar ta yi ta ɗagawa. Idan ka duba gefen hanya inda ruwa ya zaizaye, za ka ga katangar tukwane a cikin ƙasa, fasassu, sun jeru. Ni wannan ya fi dutse burge ni, amma bai kamata a sayar wa mutum abu da sunan da ba nasa ba.

Mun fita bayan sallar asuba da karin kumallo, muka haye gadar Ngeli, wadda ke kan iyakar Kamaru da Chadi. Kowa ya riƙe katin shaidarsa a hannu, ba a ƙasan jaka ba. Cunkoson cikin Injamena ya fi tafiyar kanta cin lokaci. Daga bayan gari sai ƙura, shi ya sa na ga hikimar zuwa da sanyi, daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da hanya ta bushe kuma rana ba ta fara zafin Maris da Afrilu ba, wanda ke wuce digiri 40. A hanya direban ya nuna mana wajen da aka sauke dubban 'yan Chadi da suka gudo daga rikicin Afirka ta Tsakiya a 2014. Matar Yaya tana da dangin da suka baro Bangi, babban birnin ƙasar, a wancan lokacin, sai motar ta yi shiru na ɗan lokaci.

Direban nan ba ni da abin cewa a kansa sai alheri. Dattijo ne, Bashuwa, yana jin Hausa daidai gwargwado. Motarsa tsohuwa ce amma a share take, ya zo da ruwan sanyi a kula, kuma da azahar ta yi shi ya fara cewa, "Alhaji, ga masallaci can, Hajiya ku kuma bari in roƙa muku wuri a gidan nan." Bai taɓa duba agogo a gabanmu ba.

Bangon su ne dalilin zuwa, kuma sun cancanta. Tun daga bakin gari za ka fara ganinsu. Ginin ƙasa ne, an shafe shi sumul, sannan aka bi shi da ja da fari da baƙi a kan launin ƙasar. Wasu gidajen layuka ne masu lanƙwasa da kusurwoyi suka zagaye ƙofa. Wasu kuwa labari ne sosai: kifi, tsuntsaye, shanu, mace da tulu a ka, mahayin doki. Ba gida biyu da na gani iri ɗaya. Yaya ya fi tsayawa a gaban waɗanda ba su da siffar mai rai, ya ce su hankalinsa ya fi kwanciya da su, kuma akwai su da yawa, ba wanda zai rasa abin kallo.

Mu Hausawa ba baƙin adon bango ba ne. Wanda ya je Kano ko Zariya ya ga dagi a goshin zaure, ya ga zanko a saman soro, ya ga yaɓen makuba. Amma namu aikin magina ne, maza masu sana'a da sarkinsu, ana biyansu, kuma adon yana faɗin arzikin mai gida. A Gawi matar gida ce da 'ya'yanta mata ke yi, a bangon da take kwana a bayansa. Ba a sassaƙa shi ya fito kamar namu, shafe ne, kuma ruwan sama yana cin sa. Bangon da ke fuskantar gabas, inda hadari ke bugowa, ya fi saurin koɗewa. Mun ga gidajen da zanensu ya kusa ɓacewa, sai inuwar kifi ko ƙafar saniya ta rage, kusa da su kuma ga wanda aka sabunta bai daɗe ba.

Da yake ni mace ce kuma ina jin Larabcin Shuwa, na samu abin da maza masu zuwa ba sa samu. Na yi sallama a wani gida, wata dattijuwa ta ce in shigo. Na same ta a tsakar gida da 'yan kwanoni a gabanta, ɗaya jar ƙasa a jiƙe, ɗaya fara, ɗaya baƙi. Tana gyara bangon ɗakinta ne ta ciki, inda ba baƙon da zai gani. Ba ta da buroshi. Tsumma ta naɗe a yatsa biyu, ta tsoma, ta ja layi daga tsayin kafaɗarta zuwa gwiwa a tafiya ɗaya, hannun bai yi rawa ba. Ba ta fara zana shi da gawayi ba, ba ta auna ba. Jikarta, yarinya da ba ta wuce shiga firamare ba, tana biye da ita tana ɗiga fari da ɗan yatsa a tsakanin layukan. Inda ɗigon ya karkace sai kakar ta goge da bayan hannu ba tare da ta ce uffan ba, yarinyar ta sake.

Na ce, "Iya, ba kya jin ciwo ruwa ya zo ya wanke wannan wahalar?"

Ta ce, "'Yata, in bai wanke ba, ita wannan a ina za ta koya?"

Na so in daɗe a wurin. A nan ne ɗan rakiyar ya ɓata mini rai. Saurayi ne mai Faransanci a baki, kuma ka ga alama Turawa ya saba rakawa, waɗanda ke son hoto su wuce. Yana tsaye a ƙofar gida yana ta kira, "Hajiya, lokaci, Hajiya, gidan tarihi." Yini muka biya, ba awa ba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda yake ɗaga waya ya ɗauki mata suna aiki ba sallama ba neman izini, har yana ce wa matar Yaya ita ma ta ɗauka, ba komai. Akwai komai. Gidajen mutane ne, matan aure ne, Musulmi 'yan uwanmu. Na ga wata ta ja mayafi ta juya baya, kunya ta kama ni. Da na tambaye shi wace ce ta zana wani bango mai tsuntsaye da ya tsaya yana yi mana bayani a kai, ya ce, "Matan garin ne." Bai san sunanta ba, alhali da bangonta yake cin abinci.

Gidan tarihin yana cikin tsohuwar fadar sarki, soron ƙasa mai bene, ƙofofinsa gajeru sai ka sunkuya, matakalarsa ƙunci. Shiga ciki kawai ya isa darasi, domin a waje rana na dukan ka, a ciki kuwa sanyi kamar ka sa hannu a randa. Mai kula da wurin ɗan garin ne, kuma bayaninsa ya fi na ɗan rakiyarmu nesa ba kusa ba. Kayan Sao ne mafi yawa. Sao su ne mutanen da suka zauna kudancin tafkin Chadi ɗaruruwan shekaru, suka gina garuruwa masu ganuwa, suka ƙware a yumɓu da tagulla, har ƙarfinsu ya karye wajen ƙarshen ƙarni na 16, zamanin da daular Borno ke faɗaɗa. Kotoko suna ɗaukar kansu jikokinsu, na Gawi da na Kusuri da Gulfe da Makari da Logon Birni. A bakin tsofaffi Sao ƙatti ne masu ƙarfin da ya wuce misali, kuma sunansu ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Chadi take amsawa har yau.

Abin da ya tsayar da mu duka shi ne manyan randunan da Sao ke binne mamaci a ciki. Ana naɗe gawar a zaunar da ita, a kife wata randar a kai. Yaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Allah mun gode maka da Musulunci," mai kula da wurin ya amsa da amin. Ni kuma kaurin bakin randar nake dubawa, ina tuna wadda na gani ana ginawa a waje ɗazu. Hannu iri ɗaya ne. Akwai kuma 'yan siffofin mutane da dabbobi na gasasshen yumɓu, da kayan kamun kifi da na fada. Masu haƙar kayan tarihi na Faransa, irin su Jean-Paul Lebeuf, sun fara tono tudun Sao tun shekarun 1930, kuma kaya da yawa suna gidajen tarihi na Faris. Wanda ke son ƙari sai ya haɗa da gidan tarihi na ƙasa a Injamena.

Gyara ɗaya zan nema wa wurin. Haske bai isa ba a wasu ɗakunan, sai da fitilar waya muka ga wasu kayan, kuma ɗan rubutun da ke akwai ba zai amfani wanda bai yi Faransanci ba. In ba ka samu mai kula da wurin ba, rabin abin ya wuce ka. Ku neme shi, ku kuma ba shi na goro da hannunku bayan kuɗin shiga.

Abinci kada ku sa rai da gidan cin abinci. Mai shayi muka samu, da wata mai ƙosai, sai zoɓo mai sanyi da yara ke yawo da shi. Mun taho da dambu da soyayyen kifi daga gida, muka ci a inuwar bishiya tare da direban.

Da la'asar ta kusa muka je wajen masu ginin tukwane, nan ma sai da muka ja da ɗan rakiyar. Ya nace sai wani gida guda, wai can ne masu kyau, kuma shi zai yi mana ciniki. Ni 'yar kasuwa ce, na san la'ada in na gan ta. Na ce masa, "Ƙanina, zauna a mota ka huta," muka shiga da ƙafarmu. Matan ba su da injin juyi, da hannu suke ɗaga randa, suna ɗora yumɓu zobe bayan zobe, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, maginiyar ce ke zagaya randar, ba randar ke juyawa ba. In ta sha iska sai a shafa jar ƙasa a goge da ɗan dutse mai santsi har ta yi sheƙi, sannan a jera su a fili a lulluɓe da busasshen kashin shanu da ciyawa a kunna wuta. Baƙin tabon da kuke gani a gefen randa daga nan yake, ba aibi ba ne. Wata ta koya mini in ƙwanƙwasa da zobe: in ta yi ƙara siririya ta gasu, in ta yi dum akwai tsaga a ɓoye.

Kuɗin da ta faɗa mini bai kai abin da ake sayar da irinta a Kusuri ba, don haka ban yi tayi ba, na biya. Ina roƙon duk wanda zai je ya yi haka. Kallon bango kyauta ne, ba mai karɓar ko dala a hannunka, kuma daga jakunkunan da muka biya mai mota ba abin da ya isa hannun matan da muka zo ganin aikinsu. Tukunyar da ka saya kai tsaye ita ce kawai take shiga gidansu. Ku riƙe canji ƙanana na sefa, domin ba kowace ke da canjin babbar takarda ba.

Wanda zai je, ya nemi mota da direba kawai, ya bar ɗan rakiya daga birni. Daga cikin Injamena ma ɗan kilando, wato ɗan acaɓa, zai kai mutum ɗaya, sai dai ba a ɗauko randa a babur a wannan hanyar. A garin ku fara da gidan tarihi, ku roƙi mai kula da shi ya haɗa ku da wani ɗan gari ya zagaya da ku, kuma in da hali a tafi da mace mai jin Larabcin Shuwa, don ita ce za ta shiga cikin gida. Randa kuma a sa ciyawa a ƙarƙashinta da gefenta, a zaunar da ita a kujerar baya wani ya riƙe, kada a yarda a sa ta a but. Mun sayi biyu, ɗaya tamu ɗaya ta matar Yaya, kuma tata ta isa Marwa lafiya.