Na kai karyata an cire mata mahaifa a Garwa: tiyata ta yi kyau, bayani ne ya yi ƙaranci

Duk mai kiwon awaki ko kaji a gefen Garwa, a arewacin Kamaru, ya san amfanin karya a gida, ya kuma san wahalarta. Sau biyu a shekara takan shiga neman barbara, kowane karo mako 2 zuwa 3, karnukan unguwa su yi wa ƙofar gida zobe, a kwana ana haushi da cizon juna. Bayan kwana 63 ko kusa da haka sai ga 'yan kwikwiyo cike da akurki, kuma matan cikinsu ko kyauta ba mai karɓa. Abin da ya sa ke nan na kai tawa, Kyalla, wani asibitin dabbobi mai zaman kansa a cikin gari aka cire mata mahaifa. Ba zan kama sunan wurin ba. Hannun likitan ba ni da ta cewa a kai. Inda suka gaza shi ne gaya wa mutum abin da zai tarar idan ya koma gida.

Garin nan ba ya rasa likitocin dabbobi, ga ma LANAVET, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa, a Bokle inda ake haɗa alluran rigakafi, amma galibin aikin yankinmu na shanu da tumaki ne. Buɗe cikin karya wani fanni ne daban. Don haka kafin ka miƙa dabbarka, tambayi mutum kai tsaye ko ya saba yin wannan aikin. Wanda na samu ya saba, kuma na gane haka tun kafin ya taɓa wuƙa, domin bai yi rawar jikin karɓar kuɗina ba. Ya ɗaga wutsiyarta ya duba, ya ga gabanta bai gama sacewa ba, sai ya ce, “Malam, wannan kwanan nan ta gama neman namiji. Koma da ita, ka tsare ta, ka dawo bayan wata 2 zuwa 3.”

Dalilinsa ya shiga kaina. Lokacin barbara jijiyoyin jinin mahaifa sukan kumbura, naman wurin ya yi laushi, idan aka yanka jini ya fi zuba. Makonnin da ke biye kuma jikin karya yakan ɗauka tana da ciki ko da babu, har nono ya kawo ruwa, kuma tiyata a wannan tsakanin na iya tsawaita abin. Ana so a same ta jikinta a kwance, tsakanin wani neman da wani.

Game da shekaru, ya ce irin karnukanmu na gida, masu matsakaicin jiki, sukan fara neman namiji daga wata 6 zuwa shekara guda, kuma ana iya yi musu tun wajen wata 6. Manyan karnukan turawa irin na jami'an tsaro an fi so a bari su kai shekara ko su wuce, ƙashinsu ya gama ƙwari. Ribar yi da wuri ita ce kariya daga ƙari, wato ƙullin da ke fitowa a nono: wadda aka yi wa kafin nemanta na farko da wuya ya same ta, kuma kariyar tana raguwa da kowane zagaye. Wajen rabin irin wannan ƙarin a karnuka ciwon daji ne. Sai kuma ruɓar mahaifa, wadda ta fi kama tsofaffin karnuka 'yan makonni bayan barbara: mahaifa ta cika da mugunya, karya ta daina ci, ta riƙa shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, in ba a buɗe ta da gaggawa ba ta mutu. Wadda ba ta da mahaifa ta tsira daga wannan.

A nan ne na tambaye shi allurar da wasu ke yi wa karnukansu don hana barbara, har da masu sayo ta tsarin iyali ta mata su danna wa dabba. Ya girgiza kai ya ce babbar hanya ce ta jawo waccan ruɓar da ake gudu. Araharta ce ke ruɗin mutane.

Jiran da ya sa ni ya faɗo da ni cikin Disamba, kuma wannan sa'a ce da ya kamata kowa ya nema da gangan. Wanda ya san Garwa a Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba zai so ya yi jinyar ciki a lokacin ba. Damina kuma ƙuda da laima, kuma ƙuda in ya sami ciwo ƙwai yake zubawa, kafin ka ankara tsutsa ta kama. Hunturu ƙura ce kawai matsalarsa, ita kuwa ɗaki yana maganinta.

An hana ta abinci tun daren jajibere. Da safe ya ɗage leɓenta ya danna dasashi ya ga yadda jini ke dawowa, ya lalubi kunnuwa da tsakanin yatsu yana neman kaska, don ciwon da kaska ke kawowa yana rage jini, yana kuma hana shi daskarewa. Ya nemi katin allurar haukan kare. Sannan aka yi mata allurar barci, aka aske cikin, aka ce in jira a waje. Aikin bai kai awa guda ba. Da ya gama ya fito da abin a faranti ya nuna mini: siririn nama mai reshe biyu kamar gwafar yara, da ɗan ƙulli a kan kowane reshe. Ƙullin nan su ne ƙwayayen, wato inda ƙwan haihuwa ke fitowa, kuma ya ce su ne ainihin abin da ake nema, domin in aka bar ko ɓalli, karya za ta ci gaba da kiran karnuka ko ba za ta haihu ba. Shi kuwa yankan ƙasa da cibiya yake, bai wuce tsawon yatsa ba, ɗinki a jere tsaf.

Daga nan yabona ya ƙare. An miƙo mini karya tana layi, idanu a buɗe amma ba ta gani, yawu na dalala, jiki na ɓari, tare da takarda da rubutun Faransanci na likita wanda mai kemis ma sai da ya juya ta sau biyu. Babu wanda ya ce mini wannan ɓarin da ɗan aman da za ta yi da yamma aikin allurar barci ne. Kuma ba su da abin wuyan nan da ke hana kare lasar ciwo, ba su ma ambace shi ba, alhali lasa da cizge zare su ne ke buɗe ɗinki. Yaron da ke taimaka wa likitan ne, Allah ya saka masa, ya biyo ni bakin mota ya ce, “Baba, ka nemi ƙaramin bokitin roba, ka yanke gindinsa, ka naɗe bakin da tsumma ka ɗaura mata a wuya.” Haka na yi. Ta yi fushi, ta yi ta karo da bango, amma bakinta bai kai cikin ba. Mota na ce, don a garin da kowa babur yake hawa, sai ka tanadi wadda za ta dawo da ku tun kafin ranar.

Sauran jinyar daga bakin yaron nan na same ta ta waya. Ɗaki mai tsabta da buhu a ƙasa, ba rairayi ba. Babu wanka, babu gudu ko tsallake katanga har a cire zare, wato kwana 10 zuwa 14. Kada a shafa toka ko baƙin mai yadda ake yi wa ciwon jaki, kada kuma a ba ta maganin ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen, yana huda cikin kare ya lalata ƙoda. Wani ɗan kumburi mai laushi ya fito mata a gefen ɗinkin, na aika masa hoto, ya ce ruwa ne ya taru, zai baje, ya kuwa baje. Abin da ya ce in na gani in dawo ko tsakar dare ne: jini mai ɗiga, wari, mugunya, dasashi ya yi fari, ko ta wuce kwana guda ba ta ci ba.

Masu cewa karyar da aka yi wa aiki ba ta gadi, su zo su taɓa ƙofar garkena da dare. Haushinta na nan, yawon ne ya ragu. Abin da ya canza shi ne ci: kwanon tuwon da a da take bari yanzu tana sharewa, kuma ƙiba na shigarta da sauri, sai da na rage mata. Akwai kuma waɗanda daga baya fitsari kan riƙa zubo musu cikin barci, an fi gani a manyan karnuka, kuma akwai maganinsa. Wannan ma ya kamata a ce likitan ya faɗa kafin aiki.

Kuɗin ba kaɗan ba ne a aljihun mai kiwo, kuma wanda aka fara gaya mini bai haɗa da magungunan kemis ba, cire zare ne kawai suka yi kyauta. Zan sake kai musu wata karyar in ta kama, amma sai mun yi magana a kan jimlar sefa nawa har da magani, ya karanta mini takardar da bakinsa, kuma bokitina na hannu.