Makaɗan sun yi, masu shirya taron ne ba su yi ba

Waɗanda suka ga tallan bikin kiɗan nan na fili na nan Kaduna da aka yi ta yaɗawa a Instagram da sitatus sun san wanda nake nufi, ba sai na kama suna ba, kuma kun san nawa suka yanka wa tikiti. Ni ba don ra'ayin kaina na je ba, 'yar yayata ce da ta zo mana dogon hutu daga Zariya ta tasa ni gaba, Kawu don Allah, Kawu ka taimaka, wai akwai wasu mutum huɗu masu gogen Turawa da za su zo daga Legas, ita su kaɗai take son gani a duk bikin. Na ce ke goge kuma, mu da muka tashi muna jin Garba Liyo a rediyo wane goge za a nuna mana. Na dai biya, har na kujerun gaba na biya mana waɗanda kuɗinsu ya ninka na baya, ku riƙe wannan don zan dawo kansa.

Wurin ba laifi, lambu ne a gefen kogi, ciyawa shar, kujerun roba, rumfa ɗaya tak a kan dandamali. An ce bayan la'asar, ba a fara ba sai biyar ta wuce, wannan kam mun saba ban ma sa shi a lissafi ba.

Sai ga su sun fito, maza biyu mata biyu, duk da baƙaƙen kaya. Biyu na riƙe da biyolin, ɗaya da biyola wadda ta ɗan fi biyolin girma kuma muryarta ta fi kauri, sai wata 'yar siririyar baiwar Allah da celo, wannan katon da ake zaunawa a sa shi tsakanin gwiwoyi yana da tsinken ƙarfe a ƙasa da yake tokare da dandamali. Ba ganga, ba mawaƙi, ba 'yan amshi, ba ma mutumin nan da ke tsayawa gaba yana kaɗa sanda. Abin da ya fara ba ni dariya shi ne iska na ta buɗe musu takardun da suke dubawa, sai kowa ya zaro abin maƙale shanya daga aljihu, irin na roba mai kala-kala da ke kan igiyar kowane gida, ya danne takardarsa da shi. Sun daɗe suna murɗa kunnuwan kayan suna gwada sauti har mutane suka fara gunaguni, yarinyar ta ce min damshin damina ne, katako yana shan raɓa ya kumbura tsirkiya ta saki, shi ma gashin da ke jikin bakan da suke gogawa da shi gashin wutsiyar doki ne, yana yin laushi in akwai laima. Ashe nan ma izgar doki ce kamar dai ta gogenmu, har ƙaro suke goga mata kafin su fara. Bambancin namu tsirkiya ɗaya ce a kan ƙoƙo, nasu huɗu-huɗu.

Gaskiya da suka fara sai na nutsu. Na wani mutumin Ostiriya suka fara da shi, Haydn, wanda aka haifa a 1732 ya rasu a 1809, mai biyolin na farko ya yi ɗan bayani ya ce shi ake ɗauka uban irin wannan kiɗa na mutum huɗu, ya rubuta sama da 60. Wannan kiɗan kashi huɗu ne, kuma ya roƙe mu kar a tafa sai an gama duka huɗun. Suna gama kashin farko aka ɓarke da tafi har da fito, shi ma ya yi murmushi ya ƙyale mu. Abin da ya kama ni tun a nan shi ne yadda suke fara abu tare ba wanda ya ƙirga musu, ina kujerar gaba ina jin lokacin da na farkon zai ja numfashi da ƙarfi ta hanci ya ɗan ɗaga kai, shikenan duk huɗun sun sauka a lokaci ɗaya, ko yaushe idon wannan na kan hannun wancan.

Kashi na biyu shi ne mai sanyin, suna shiga sai wani yaro a bayana ya ce wa abokinsa kai wallahi wannan taken ƙasar Jamus ne, wanda ake sa musu kafin a take ƙwallo. Kuma gaskiyarsa, ni ma na gane shi, duk wanda ya zauna gidan kallo lokacin kofin duniya na 2014 ya ji shi har ya gaji. Haydn ne ya ƙirƙire shi a 1797 don sarkinsu na lokacin, daga baya Jamusawa suka ɗauka suka ɗora masa nasu baitocin. Amma jin sa a filin ƙwallo daban, jin sa a nan daban. Sai da suka yi shi su huɗu a hankali, sannan aka fara miƙa shi hannu zuwa hannu, biyolin na biyu ya ɗauka shi kuma na farkon yana ta yi masa ado a sama su biyu kawai, sauran sun yi shiru. Sannan ya faɗo hannun mai celo. Jama'a ban san katako zai iya irin wannan murya ba, kamar dattijo mai kaurin murya yana yi wa jikansa waƙa ƙasa-ƙasa, a ƙirji nake jin abin ba a kunne ba, tsikar jikina ta tashi, hatta yaran da ke bayana sun daina surutu.

To a daidai nan, a tsakiyar wannan wurin, sai muka ji jiniya daga bakin ƙofa. Kafin ka ce me emsi ya fizgi makirfo ya haye dandamali, ko kallon makaɗan bai yi ba, ya kwarara ihu wai jama'a a miƙe tsaye, babban baƙonmu ya iso. Lasifika ta yi wata ƙara da sai da na toshe kunne. Baiwar Allahn nan mai celo bakanta na kan tsirkiya ta tsaya cak, ta kalli na farkon, ya girgiza mata kai kaɗan, duk suka sauke kayansu a kan cinya suka zuba ido. Shi kuwa emsi ya shiga jero sarautu da muƙamai, mai girma kaza, garkuwan kaza, uban marayu, ran ka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, bai bar ko direba ba ina jin, ga maroƙa biyu da suka biyo tawagar su ma sun buɗe nasu. Ya fi minti goma ana wannan. Wa ya hana a jira? Abin da ya rage a gama wannan kashin bai fi minti huɗu ba, da an tsayar da bawan Allahn a ƙofa an ba shi ruwa ya sha, ina da yaƙinin shi kansa ba zai ce komai ba, 'yan neman suna ne kawai suka ga dama ta samu.

Ba a nan ta tsaya ba. Sai ga wani ƙato da baƙar riga ya zo layinmu yana tafa hannu, Oga don Allah ku ɗan koma baya, manya ne za su zauna. Na ce Malam ni ma fa kuɗi na biya, ga tikitina na gaba ne, karanta. Ya ce ya sani Alhaji, umarni aka ba shi, a yi haƙuri za a gyara. Wani dattijo da ke gefena da matarsa ya ce yaro ko kunyar furfurata ba ka ji, shi ma aka ce Baba a yi haƙuri. Yarinyar na ta jan hannun rigata, Kawu ƙyale su don Allah mutane na kallonmu. Don ita na tashi. Kujerun da suka rage su ne na can ƙarshe, tsakanin janareta da mai suya.

Makaɗan dai Allah ya saka musu, ba su ci gaba daga inda aka katse su ba, sun koma farkon kashin suka sake shi gaba ɗaya, kuma wannan ya ƙara musu daraja a idona. Sai dai ni daga inda nake yanzu rabin abin janareta ya cinye. Irin wannan kiɗa asalinsa na cikin ɗaki ne, sautinsa ba shi da ƙarfi, wani wurin da gangan suke yin ƙasa da shi sosai, in ka fito da shi fili dole ka yi tunanin inda za ka ajiye injin wutarka, ba ka jingina shi da kujerun mutane ba. Da celo ta sake ɗaukar waƙar ina ganin hannunta na tafiya amma abin da nake ji gurnanin inji ne da mai suya yana tambayar wani a sa yaji ko kar a sa.

Wani daga cikin 'yan tawagar ya hau ya yi wa mai biyolin liƙi yana tsaka da kiɗa, takardar kuɗi ta manne masa a goshi saboda gumi, hannu biyu duk a cike ba halin cirewa, haka ya yi ta yi yana leƙen takardarsa ta ƙasan kuɗin. Wasu sun yi tsaki, ni wannan bai ɓata min rai ba, a wurinmu girmamawa ce kuma mutumin da zuciya ɗaya ya yi, na ma yi dariya. Babban baƙon kuma ko rabin awa bai yi ba ya tashi da mutanensa, kujerunmu na gaba suka zauna wayam, da muka yunƙura za mu koma sai ƙaton nan ya ce wai ƙila su dawo.

Na biyun da suka yi na wani ɗan ƙasar Cek ne, Dvorak, ya rubuta shi a 1893 lokacin da yake aiki a Amurka, ya je hutu wani ƙauye a jihar Ayowa inda 'yan ƙasarsu suka yi kaka-gida. Mun ɗan lallaɓa mun matso tsakiya mun tsaya a tsaye. Wannan ya fi shiga kunnena da sauri, biyola ce ta buɗe shi da wata waƙa mai daɗi da za ka rantse ka taɓa jin irinta a wani ƙauyen namu, yarinyar ta ce yawancinsa a kan sauti biyar aka gina shi shi ya sa bai yi min baƙunta ba. Har na fara cewa a raina to ai kuɗina bai tafi a banza ba, a yafe musu.

Sai hadari. Tun ana kashi na biyu gabas ta yi baƙi, iska ta taso, abin maƙale shanyar ma ya gaza, takardar mai biyola ta tashi sama wani yaro ya bi ta da gudu. Ɗigon farko na sauka suka miƙe kowa ya rungume nasa ya yi wajen akwati, ba sallama ba komai, kuma ban ga laifinsu ba, da manne aka haɗa katakon, ruwa ya shiga an yi asarar abin da ya fi kuɗin tikitinmu duka. Laifin na wanda ya ga Turawa na bikin kiɗa a fili a watan Agusta ya kwaso ya kawo Kaduna ne. Su can lokacin ne suke samun rana da ɗumi bayan sanyi, rana ba ta faɗuwa sai wajen tara na dare. Mu nan Agusta tsakiyar marka ce, yaron goye ma ya sani. In dai sai an yi a fili ga Nuwamba nan, ruwa ya ɗauke hazo bai yi nauyi ba, in kuma dole sai Agusta to a kama zaure a ajiye ko da za a buƙata. Ba su tanadi komai ba, rumfar nan ɗaya dije ne ya shige ƙarƙashinta da kayansa ya saki kiɗa, mu muka watse kowa na neman bishiya.

Makaɗan huɗun nan in sun dawo garin nan a cikin ɗaki mai rufi zan je, har uwargida zan ɗauka, ita yarinyar ma tun a mota ta fara zancen wai celo take son koya, na ce ta je ta faɗa wa babanta. Amma masu shirya taron ko kyauta suka ba ni ba na zuwa. Na tura musu saƙo a WhatsApp kan bambancin kuɗin kujerar gaba da ta baya, da hoton tikitin da komai, sun buɗe sun karanta har yau ba amsa, amma suna ta ɗora hotunan babban baƙo a shafinsu suna godiya ga Allah taro ya yi armashi. Wajen ajiye motoci ma da muka biya kuɗinsa daban a ƙofa ashe fadama ce, ruwan na sauka ta zama taɓo, sai da na sake biyan wasu samari suka turo ni, takalmina ɗaya ma a can na baro shi.