Emscripten: aiki yana kyau, amma burauza ce ke riƙe da ragama

Emscripten kayan aiki ne na kyauta da ke ɗaukar kod ɗin C ko C++ ya juya shi zuwa WebAssembly (wasm a taƙaice, tsarin kod da burauza ke iya gudanarwa), yadda wasa ko manhajar zane da aka rubuta wa kwamfuta za ta buɗe a Chrome, Firefox ko Safari ba sai an girka komai ba. Alon Zakai ne ya faro shi, tun kafin manyan burauzoji su karɓi WebAssembly a 2017. Ga wanda ya gina aikinsa a kan SDL2 ko raylib (ɗakunan kod na yin wasanni) da OpenGL ES (ƙaramin nau'in OpenGL, tsarin zane a allo), ba shi da na biyu. Wanda ya gaji tsohon kod na OpenGL kuwa, ya ɗaura ɗamara.

Girkawa ba wuya, da emsdk, manhajar da ke girka shi: emsdk install latest, sai emsdk activate latest, sannan a loda emsdk_env.sh. In aikin na CMake ne (manhajar tsara ginin kod), a sa emcmake a gaban cmake. Da -sUSE_SDL=2, shi da kansa zai sauko da SDL ya gina. Kada dai a buɗe sakamakon ta file://, domin burauza za ta ƙi ɗauko fayil ɗin wasm. A yi amfani da emrun, ƙaramar sabar gwaji da ke zuwa tare da shi.

Wurin da kusan kowa ke tuntuɓe shi ne madaukin zane, wato kod ɗin da ke maimaituwa yana zana allo. A kwamfuta, manhaja tana shiga while ta yi ta juyawa har a rufe ta. Burauza ba ta zana komai sai kod ya mayar mata da iko, don haka madaukin da ba ya ƙarewa yana daskarar da shafin, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Maganin shi ne a ware aikin firem ɗaya (zanen allo sau ɗaya) a miƙa wa emscripten_set_main_loop. A ba shi 0 a gurbin yawan firem, sai ya bi requestAnimationFrame, kiran da burauza ke yi kafin kowane zane, ya daidaita da allon. Akwai gajeriyar hanya, -sASYNCIFY, wadda ke barin tsohon madaukin yadda yake, amma tana kumbura fayil ta kuma rage gudu. Ta gwaji ce, ba ta fitar da kaya ba.

Sai OpenGL, inda sunan ke yaudara. A burauza da WebGL ake zane: WebGL 1 daidai yake da OpenGL ES 2.0, WebGL 2 kuma da ES 3.0, kuma na biyun sai an nema da -sMAX_WEBGL_VERSION=2. Ke nan babu glBegin da glEnd, babu glPolygonMode. Rubutun GLSL (yaren kod ɗin katin zane) na ES 3.0 dole ya fara da #version 300 es a layin farko cak, a kuma bayyana precision a ɓangaren da ke fenta launi, in ba haka ba ya ƙi haɗuwa. Tutar -sLEGACY_GL_EMULATION tana kwaikwayon tsohon salo, sai dai rabi da rabi ne: wani abu ya fito, wani ya ɓace ba bayani. Gara a sake rubuta sashen zanen tun da wuri.

Fayiloli sun fi sauƙi. --preload-file yana tattara hotuna da sauti cikin fayil .data guda, fopen ya ci gaba da aiki kamar da. Abin da manhaja ta rubuta yana tafiya da zarar an sabunta shafi, sai an haɗa IDBFS, mai adana fayil a ma'ajiyar burauza, an kira FS.syncfs. Memori kuma ƙarami ake farawa da shi, wajen megabayit 16, shi ya sa manyan hotuna ke kashe manhaja in ba a sa -sALLOW_MEMORY_GROWTH=1 ba. Wani tarko mai ban haushi: daga sigar 3.1.27 an rage sitak (memorin wucin gadi na ayyukan kod) daga megabayit 5 zuwa kilobayit 64, sai kod ɗin da ya yi shekaru lafiya ya fara faɗuwa. -sSTACK_SIZE ke gyara wannan.

Raba aiki da -pthread yana yiwuwa, amma ba a hannun mai kod kaɗai yake ba. Yana buƙatar SharedArrayBuffer, memorin da ɓangarorin aikin ke tarayya a kai, wanda aka ƙuntata bayan matsalar tsaro ta Spectre a 2018, kuma sai sabar ta aiko da Cross-Origin-Opener-Policy: same-origin da Cross-Origin-Embedder-Policy: require-corp. In masaukin shafinka bai ba ka damar sa waɗannan ba, zancen ya yi wuya.

Neman kuskure ne ɓangarensa mafi rauni. Saƙo kamar function signature mismatch ba ya nuna layi. Galibi wani ne ya sauya nau'in manunin aiki (function pointer), abin da kwamfuta ke kau da kai a kansa amma WebAssembly ba ta yafewa. A gina da -g da -sASSERTIONS kafin a koma -O3. Masu Qt (kayan gina manhaja) kuma su bar latest ɗin nan: kowace sigar Qt tana da sigar Emscripten da aka gwada ta da ita, ita za a girka da lambarta.