Ta iya duba hoto, amma cika alƙawari ya gagare ta

Masu tambayata game da zaman duba hotunan nan na Zoom da matar nan mai ɗaukar hoto ta Abuja ke tallatawa a Instagram, ga yadda nawa ya kasance. Kuɗin dai, ga ɗalibi ba ƙaramin abu ba ne. Na biya ne saboda aikin ƙarshen zango na darasin hoton jarida, wanda na yi a kan marinar Ƙofar Mata da ke Kano.

Tsarinta shi ne ka tura hotuna goma sha biyu ta Google Drive, don WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau. Daga baya ta ce in ƙaro duk abin da na ɗauka, har da waɗanda na ware gefe. Da muka zauna sai ta wuce zaɓaɓɓun nawa da sauri. Ta ce jerin karofi (ramukan rini) daga nesa da allon nan mai cewa an kafa marinar a shekarar 1498, kowane baƙo da ya shigo Kano ya ɗauke su. Inda ta tsaya shi ne wani hoto da ban saka a lissafi ba: hannuwan wani dattijo marini yana ɗago yadi daga ruwan baba, rabinsa ya yi shuɗi, rabi da sauran kore. Ta tambaye ni me ya raba launin. Na bayyana mata cewa yadi kore-kore yake fitowa daga karofi, sai ya sha iska yake rikiɗa ya koma shuɗi, shi ya sa marina ke tsomawa su ɗago su sake tsomawa. Ta ce to labarin ke nan, a kansa zan gina aikin gaba ɗaya.

Wallahi wannan maganar ta ratsa ni. Tun da na fara riƙe kyamara ba wanda ya taɓa kallon hotona da irin wannan natsuwa. Abokai "ya yi kyau" kawai suke cewa, malaminmu kuwa ɗalibai sun yi masa yawa, maki yake rubutawa ya wuce. Ita kam sai da ta buɗe hoton a manhajar gyaran hoto ta Lightroom ina kallo, ta rage ƙarfin launin da na ƙara, sai ga tabon baba a faratan dattijon ya fito sarai. Ta nuna mini yadda ranar tsaka ta ƙone farin yadin da ke shanye a baya, ta ce in koma da hantsi, in ɗauka da RAW (ɗanyen hoto wanda kyamara ba ta sarrafa ba), in sa gudun shata (tsawon lokacin da kyamara ke buɗe wa haske) a 1/500 na sakan don ɗigon ruwan ya tsaya cak. Ta ce lens ɗin 18-55, wato gilashin gaban kyamarata da nake rainawa, ya isa, muddin zan durƙusa daidai da mai aikin tunda a bakin rami yake zaune. Ta kuma tambayi sunan dattijon da ko ya yarda a nuna hotonsa, ta ce hoton jarida ba ya tafiya ba tare da waɗannan biyun ba. A wannan lokacin da an ce in ƙara kuɗi, da na ƙara.

Sai dai ina rubutun nan raina yana sake ɓaci. Awa guda na biya, ta shigo a makare, kuma lokaci na cika ta ce wani na jira. Saboda haka hotunan ɗakin masu bugun yadi a gurguje ta duba su, ta ce duhu ya yi yawa, in mayar da su baƙi da fari. Haba! Ƙyallin nan da yadi ke yi bayan ya sha bugu a kan gungume shi ne abin da Buzaye ke saye, ta yaya zan kashe launinsa? Ta kuma ce in shiga gidajen matan da ke ɗaure yadin kafin a rina in ɗauke su suna aiki, kamar namiji baƙo zai ɗaga labule ya faɗa gidan aure da kyamara. Na fara yi mata bayani, ta ce "ƙanena, ka dai gwada", ta rufe.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rubutaccen sharhin. A tallarta ƙarara ta ce za ta turo shi cikin mako guda, hoto bayan hoto, kuma saboda shi ban rubuta komai ba lokacin zaman, ban kuma naɗi maganar ba. Na tuna mata cikin ladabi, Anti sama Anti ƙasa, tana karantawa ba ta amsawa. Ranar miƙa aiki ta zo, na jera hotunan da abin da na iya tunawa. Har yau sharhin bai iso ba, kuma cikin kuɗin da na biya har da nasa.