Wata huɗu muna zuwa wurin likitar abinci: abin da na gani a jinyar Umma

Ranar da aka fara yi wa Umma kemo, wato allurar maganin ciwon daji, saboda sankarar mama, nauyinta kilo 62 ne. Kafin zagaye na uku ta koma 55. Ni ce mai jinya, kuma ni ce na hana ta sukari, na hana ta nama da madara, domin duk wanda ya zo dubiya sai ya bar mana tasa shawarar, kuma yawanci magana ɗaya ce: wai sukari ne abincin cutar kansa, in an hana ta sai yunwa ta kashe ta. Na ɗauka gata nake yi wa Umma, ashe ita nake horarwa da yunwa.

Likitan da ke duba ta ne ya tura mu wurin masaniyar abinci ta sashen masu ciwon daji, wadda majinyata ke kira likitar abinci.

Zaman farko ya kusa awa guda. Ta ɗora Umma a sikeli, ta matsa damtsenta da yatsu, ta haska cikin bakinta da 'yar fitila, sannan ta jawo kujera kusa ta ce, "Mama, jiya daga safe zuwa dare me kuka ci? Ko loma biyu ce, ku faɗa mini." Umma ta lissafa, duka bai kai cin ƙaramin yaro ba. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai ɗauko biro ta nuna mini lissafi. Idan mai ciwon kansa ya rasa fiye da kashi 5 cikin ɗari na nauyinsa a wata shida, abin damuwa ne, Umma kuwa ta wuce kashi 11. Abin da ke tafiya kuma ba kitse kaɗai ba ne, har da tsoka, kuma jikin da tsokarsa ta zube ba ya jure kemo, sai a yi ta ɗaga allura ko a rage ta. Ta ce ƙa'idar da ESPEN, ƙungiyar masana abincin majinyata ta Turai, ta fitar ita ce kalori (ma'aunin kuzarin abinci) 25 zuwa 30 ga kowane kilo a rana, furotin kuma sama da giram 1, har zuwa 1.5 in da hali. Ga Umma, kusan kalori 1,600 ke nan da furotin giram 70. Da ta ce ƙwai ɗaya giram 6 kawai yake da shi, sai na gane nisan da ke gabanmu.

Na yi mata maganar sukari, don ta daɗe tana cin raina. Ta ce gaskiya ne ƙwayoyin kansa suna zuƙar sukarin jini fiye da sauran, wani masani Bajamushe, Otto Warburg, ya lura da haka tun shekarun 1920. Amma ƙwaƙwalwa da sauran jiki ma da shi suke aiki, kuma in aka hana shi ta baki, hanta za ta haɗa shi da kanta, har daga tsokar majinyaci. Game da nama kuwa, abin da hukumar binciken kansa ta WHO ta sanya a jerin masu jawo ciwon a 2015 shi ne naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi ko sinadarai don ya daɗe. Wannan bayani ne na rigakafi, bai hana mai ramewa cin dafaffen nama ko kifi ba.

Inda na fi yaba mata shi ne ƙananan dabaru. Umma tana cewa komai ɗanɗanon ƙarfe yake yi mata, ta ce mu koma cokalin roba. Na yi shakka, amma a daren Umma ta cinye rabin kwano. Ƙamshin girki na tayar mata da zuciya, ta ce a bar abinci ya huce kafin a kai mata, a kuma buɗe taga. Maimakon cin sau uku, a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan sau shida, ruwa kuma a sha tsakanin abinci don kada ya cika ciki. Da bakinta ya yi gyambo, muka bar yaji da kayan tsami, muka koma abinci mai laushi da kurkure baki da ruwan gishiri. Ta kuma sa na yi alama a kalanda daga kwana 7 zuwa 14 bayan kowace allura, lokacin da fararen ƙwayoyin jini ke yin ƙasa sosai: ba ƙwai mai ruwa-ruwa, ba madarar da ba a tafasa ba, ba kwantan abinci. Ta hana mu garehul, wani irin babban lemo mai ɗaci, saboda yana dagula aikin wasu magunguna, ta ce duk wani ƙwayar bitamin ko sassaƙe da aka kawo mana a fara nuna wa likita.

Akwai abin da bai yi mini daɗi ba. An tura mu a makare, ya kamata a ce tun ranar farko muka gan ta, kafin kilo bakwai su tafi. Ita kaɗai ce a sashen, wata rana sai mu yi awa uku a layi, Umma tana gyangyaɗi a kafaɗata. Takardar da ake rabawa kuma iri ɗaya ce ga kowa, bayanin bakinta ya fi ta amfani nesa ba kusa ba, don haka ku tafi da littafi ku rubuta. Abin shan ƙarin kuzari da ta rubuta mana ma zaƙinsa ya yi wa Umma yawa, sai da muka riƙa sanyaya shi tana kurɓa a hankali.

Duk mai jinyar ɗan'uwa da za a fara wa kemo, ya roƙi a haɗa shi da likitar abinci tun kafin allurar farko. Umma ta gama sauran zagayenta ba a ɗaga ko ɗaya ba. A awon ƙarshe sikeli ya nuna 58, kuma da muka dawo gida ita da kanta ta ce, "Ki dafa mini ƙwai biyu, ɗaya ba ya isata yanzu."